Tumakin Yaya Ba Sa Cikin Jeri

Shekarar da iskar farkon damina ta yaye kwanon ajinmu na yaƙi da jahilci, ita ce shekarar da na fara cike takarda da hannuna. Ina da shekara arba'in da bakwai a lokacin, ko da takwas, ya danganta da wanda ka tambaya tsakanina da yayata. Mu goma sha huɗu ne a ajin, duk magidanta. Bayan la'asar muke taruwa a firamaren garinmu, wani ƙauye a kan hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa. Da kwanon ya tafi sai muka fito da allon ƙarƙashin darbejiya, inda duk mai wucewa zai ga masu gemu suna maimaita baƙaƙe.

Ba ni da sauri a karatu, har yau kuwa. Kalma ɗaya sai na zagaye ta kamar mai neman ƙofar gidan da bai taɓa shiga ba. Amma akwai abin da malaminmu ya nanata har ya zauna mini. Ya ce in an miƙo maka takarda, kada ka yi tsalle kana neman sunanka, ka fara daga kanta, ka karanta abin da aka rubuta a sama tukuna. 'Yan ajinmu sun ji, sun ce to, sun ci gaba da neman sunansu. Ni da yake ba inda nake sauri zuwa, sai na riƙe.

A gidana akwai awaki huɗu, nawa ne. Akwai kuma tumaki tara, bakwai mata da raguna biyu, waɗanda ko gashinsu ba nawa ba ne. Na Yaya ne, wadda nake bi. Tana zaune a Doguwa tun da mijinta ya rasu, a gidan da ba filin ɗaure ko ɗan akuya, shi ya sa ta ba ni su kiwo. Yadda muka shirya, haihuwa biyu tata, ta uku tawa. Ba takarda a tsakaninmu, ba a yin takarda a irin wannan. Mutanen unguwa sun san na Yaya ne, maiunguwa ya sani, iyakar shaidar ke nan. Duk wata takan zo duba su. In ta yi sallama, turke take fara zuwa ta gaisa da tumakin ɗaya bayan ɗaya, ta duba idonsu, ta taɓa cikinsu, sannan ta juyo ta tambaye ni ya iyali.

Da kaka ta yi, ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankinmu ta aiko a rubuta dabbobi. Aka ce za a kawo allurar rigakafin ciwon nan na tumaki da awaki, mai zuwa da majina da zawo, wanda in ya shiga garke ba ya fita hannu rabbana. An ji labarin ya fara taɓa wasu rugage ta wajen duwatsu. Masu rubutun suka zauna a ƙofar gidan maiunguwa. Kowa faɗa yake a rubuta masa ya dangwala. Da aka zo kaina na ce a ba ni takardar da biro.

Taubashina, ɗan gwaggona, tela ne, yana bayana a layi. Ya ce, "Jama'a, ku je ku yi azahar ku dawo. Ɗan firamare zai yi rubutu."

Na ce, "Bawa, yi haƙuri. In na gama zan nuna maka inda ake dangwalawa."

Gurbi bakwai ne a takardar. Suna, sunan mahaifi, gari, unguwa, tumakinka, awakinka, sai na ƙarshe: dabbobin da aka ba ka kiwo. A gurbin tumaki na zana sifiri, na zagaye shi da kyau har ya fi na allon malam. A na awaki na sa huɗu. A na kiwo na sa tara. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai ga inuwar zaure ta matsa.

Bayan sati biyu aka ce jeri ya fito, an manna shi a bangon ofishin ƙungiya a Tudun Wada. Ranar kasuwa muka je, ni da taubashi a kan babur ɗinsa. Mun tarar da mutane sun rufe bangon, kowa na bin sunaye da yatsa ko yana roƙon wani ya duba masa. Wanda ya ga sunansa sai ya ce alhamdulillahi ya nufi kasuwa.

Na jira har aka ɗan ragu, na matsa na ɗaga kai sama. An zana takardar layi-layi a tsaye kamar kunyoyin gona, kowane layi da abin da aka rubuta a kansa. Na ƙirga, bakwai ne, daidai da guraben da na cike. Hankalina ya kwanta. Sai na fara karanta kawunan ɗaya-ɗaya, a bayyane, don ni in ban ji kalma da kunnena ba ban karanta ta ba. Suna. Sunan mahaifi. Gari. Unguwa. Tumaki. Awaki. Da na zo na bakwai na shirya bakina zan ce kiwo, sai baƙaƙen suka ƙi. Na sake zagaye su. Abin da ke wurin shi ne: yawan allura.

Na gangara da yatsa zuwa sunana. Tumaki sifiri, awaki huɗu, allura huɗu. Tara ɗin Yaya ba su ba alamarsu.

Kafin in shiga ofis, tunda yatsan nawa yana kan takardar, sai na ƙara gangarawa kaɗan in gaisa da maƙwabta. Wani dattijo na ruga, wanda in tumakinsa za su tsallaka titi sai direba ya kashe mota, biyar ya sa aka rubuta masa. Wannan ban karanta a bayyane ba, dattijo ne, kuma na san tsoron haraji ne bai sake shi ba tun yana saurayi. Amma da na iso kan taubashi sai na gyara murya.

"Tu-ma-ki, shi-da. A-wa-ki, bi-yu. Al-lu-ra, tak-was."

Ya matso da sauri ya dafa kafaɗata. "Kai, ɗan firamare, a zuci ake karatu."

"Ba mu zo wannan darasin ba tukuna," na ce. "Bawa, ashe arziki ya sauka a gidanka ba ka faɗa wa ubangidanka ba? Awaki biyu na sani. Tumaki shidan ina suke kwana, ƙarƙashin keken ɗinki?"

Mutane suka kwashe da dariya. Ya ja ni gefe yana harara, ya ce ai ya ji an ce bayan allurar za a raba dusa bisa yawan dabbobin mutum, shi ne ya ɗan yi wa kansa tanadi. Na ce Allah ya kawo dusar. Na bar shi ya tafi sayen zare, ni na shiga ciki.

Ɗaki ɗaya ne ofishin, da tebur da benci da fanka da ba ta juyawa. A bayan teburin wata mata ce da ba za ta wuce talatin ba, 'yar garin Ƙofa, ita ke riƙe da kwamfutar ƙungiya. Muka gaisa, na tambayi gida da gajiya, sannan na faɗa mata abin da na gani.

Ta ce, "Baba, kwamfuta ba ta mantuwa."

Na ce, "Allah ya ƙara mata basira, Malama. Ni ma ban ce ta manta ba. Tumaki tara ne suka shiga, ban ga sun fito ba."

"Na ƙirga layukan da kaina kafin in buga. Bakwai a takardarku, bakwai a jeri. Ka dawo ranar Litinin in an rage mutane."

Na ce to. Na zauna a bencin, na cire takalmi, na zaro ƙullin soyayyar gyaɗa daga aljihu na fara ɓarewa. Ta yi ɗan aikinta, ta ɗago. Ta sallami wani mutum, ta sake ɗagowa.

"Baba, na ce Litinin."

"Na ji. Ita nake jira. Yau Alhamis ko? Ai ta kusa."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariyar ta ƙwace mata. Ta ce in jawo bencin kusa. Ta tambayi sunana ta buga, sai ga abin da na rubuta ya bayyana a gilashin, har da sifirina, sai dai nasu bai kai nawa zagaye ba. A ƙarshe ga tara nan zaune.

"Ka gani? Suna nan."

"Suna nan a wurinki. A bango fa?"

Nan ta yi mini bayanin da na riƙe har yau. Ta ce duk abin da muka faɗa yana ajiye a cikin wani rumbun bayanai. Amma in za a fitar da jeri, ba ita ke shiga rumbun ta tsinto ɗaya-ɗaya ba, mutane sun yi yawa. Wani ɗan birni da ƙungiya ta ɗauko ya haɗa musu tsarin, shi ya rubuta wani umarni ya ajiye a ciki. Ita sunan umarnin kawai take kira, ta faɗa masa gari, sai ya shiga rumbun ya kwaso ya jera mata.

Na ce, "Wato ɗan aike ne."

"Kusan haka."

"To shi ɗan aiken, kin taɓa tambayarsa me da me aka ce ya riƙa ɗaukowa? Ko in ya kawo kaya, ƙirga ƙullin kawai kike yi?"

Ta ce gaskiya ba ta taɓa buɗe shi ba, tun da aka kawo shi yake aiki. Amma akwai yadda ake duba sunayen layukan da aka ce ya riƙa fitarwa. Ta danna nan, ta danna can, ta yi tsaki sau ɗaya, sai ga wasu kalmomi sun jeru a tsaye. Da Turanci suke, ba gonata ba ce.

Na ce ta tsaya. Na zaɓi ƙwayar gyaɗa bakwai na jera a kan teburinta, na ba kowace suna. Wannan suna ce, wannan sunan mahaifi, haka har ta bakwai, wata ƙatuwa, na ce ita ce na kiwo. Na ce ta karanta mini na ɗan aiken da Hausa, duk wanda ta kira in ɗauke gyaɗarsa.

Ta ce suna, na ɗauke na jefa a baki. Sunan mahaifi, na jefa. Gari, unguwa, tumaki, awaki, ina ta tauna. Ta ce, "Na bakwai, yawan allura. Shi kuma tumaki yake haɗawa da awaki."

Ƙatuwar tana nan a kan tebur ita kaɗai. Muka zuba mata ido mu biyu.

"Innalillahi," in ji ta. Ta ɗauki gyaɗar ta juya ta a hannu. "Baba, ba kai kaɗai ba ne fa. Duk wanda aka ba kiwo daga nan har Doguwa haka nasa ya fita."

Ta kira ɗan birnin a waya, ta saki muryar don in ji. Mutum ne mai ladabi, ya gaishe ni da kyau. Ya ce ba kuskure ba ne, da gangan ya bar na kiwo a waje. Ai dabbar kiwo tana da mai ita, mai ita kuma zai rubuta ta a tasa takardar. In ya haɗa da na hannun mai kiwo, an ƙirga tunkiya ɗaya sau biyu ke nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. An taɓa ba ka kiwo?"

"A'a, Baba."

"Ka taɓa bayarwa?"

Ya yi dariya. "Ko kaza ban taɓa ajiyewa ba."

"Ya nuna," na ce. Malama ta toshe baki da mayafi.

Na roƙe ta ta duba mini Yaya a jerin Doguwa. Na faɗi sunanta da unguwarta. Sai ga ta: tumaki sifiri, awaki sifiri. Na san yadda aka yi kamar ina wurin. An tambaye ta dabbobin gidanta, ta ce babu, nata suna wurin ƙanenta, shi zai rubuta tunda can za a yi musu allurar. Ni kuma ba zan sa tumakinta a gurbin da aka ce nawa ba, ko da wasa. Ita ta bar mini, ni na ajiye su inda ya dace, ɗan aike kuma an ce kada ya leƙa wurin.

Ɗan birnin ya yi ta ba da haƙuri. Ya ce gyaran ba wuya, layi ɗaya zai ƙara, yau ma zai iya. Malama ce ta faɗi mai nauyin. An riga an aika yawan allurar bisa jerin da ke bango, ranar Laraba za a zo garinmu da ita a ƙirge. Ƙari sai an sake nema, kuma ba zai kasa sati uku ba.

A hanyar komawa ina bayan babur ina lissafi. Dabba goma sha uku, allura huɗu. Huɗun nan ban daɗe a kansu ba. Allurar ɗaya ce ga tunkiya da akuya, kuma akwai tumakin Yaya huɗu masu ciki, su zan kai. In akuyata ta mutu ni da matata za mu yi jimami mu haƙura. In tunkiyar Yaya ta mutu a hannuna, zan ji labarinta a kowane suna da kowane biki har ƙarshen rayuwata. Saura biyar ke nan nata. Sai na dubi ƙeyar taubashi, na ga allura shida suna yawo ba masu su.

Na ce, "Bawa, ranar Laraba in malamin dabbobi ya ce ka kawo tumakinka shida, me za ka kawo?"

Babur ɗin ya ɗan yi tangaɗi.

"Maiunguwa zai zauna a wurin," na ce. "Da duk waɗanda suka ji ni ina karatu ɗazu."

"Kai ka jawo mini, da wannan bakin naka."

"Ni kuma zan fitar da kai. Zan ara maka tumaki biyar. Na shidan ka ce ka yanka wa baƙi."

Sai da muka wuce gada sannan ya ce, "Maiunguwa ya san tumakin Yaya."

"Maiunguwa idonsa ya yi rauni, kuma yana son a tashi da wuri."

Abin da ban yi ba shi ne faɗa wa Yaya. Tun kafin jerin ya fito na aika mata cewa akwai allura, ban sake aika komai ba. Na ce a raina in an gama na ba ta labari tana dariya. Na manta Yaya ba ta cika dariya a kan tumaki ba.

Ranar Laraba da hantsi malamin dabbobi ya iso da kula cike da ƙanƙara da kwalabe, ya zauna a filin ƙofar gidan maiunguwa da jerin a cinyarsa. Na fara gwada hanyar gaskiya. Na je na durƙusa na yi masa bayanin layin da ya ɓace. Ya ce ya sani, Malama ta faɗa masa, tun jiya yake jin wannan kukan a kowane gari. Amma abin da ke kular a ƙirge yake, suna da adadi zai bi. In ya ƙara wa mutum ɗaya, rabin filin nan za su taso masa. Na ce Allah ya taimaka.

Aka kira sunana, na kai masu ciki huɗu. Ya yi musu, ya shafa wa kowace jan fenti a goshi. Ba wanda ya tambaye ni komai, allurata ce, na kai wa wadda na ga dama.

Aka kira taubashi. Ya taho cikin sabuwar riga, ɗinkin hannunsa, yana jan awakinsa biyu, ga tumaki biyar a baya suna ta waiwaye suna nemana. Ni na fake bayan wani amalanke don kada su tona mu. Aka yi wa awakin. Malamin ya dubi jeri ya dubi tumakin.

"Shida aka rubuta."

"Ɗaya baƙi sun ci," in ji taubashi, ko gezau.

"Waɗannan duk naka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Tun suna 'yan ƙanana."

Wannan ƙarin na ƙarshe ba ni na koya masa ba. Maiunguwa ya gyaɗa kai yana kallon wani wuri. Aka yi wa ta farko, aka shafa fenti. Aka yi wa ta biyu. An kamo babban ragon ke nan na ji murya daga bakin titi, inda motar Doguwa take sauke mutane.

"Nawa ne wa?"

Yaya ce, da jakarta a hannu, ko mayafinta ba ta gyara ba. Ragon ya ji muryarta ya fizge, ya tafi wurinta a guje yana jan igiya. Sauran suka bi.

"Kai bawa, maimaita in ji. Tun suna 'yan ƙanana? Kai da ko kyanwa ba ta zama a gidanka?"

Taubashi ya fara, "Yaya, wasa ne, ƙanenki ne ya..."

"Ina yake?"

Na fito daga bayan amalanken. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya, na ce Yaya, dabara ce, allura ce ta kasa, ki bari a yi wa ukun nan, in mun je gida zan yi miki bayani dalla-dalla.

Ita ba ta yi ƙasa da tata ba. "A gaban maiunguwa? A gaban mutanen gari? Wani ya ce tumakina nasa ne, maiunguwa ya gyaɗa kai, ni kuma in yi shiru? Gobe in na faɗi na mutu, 'ya'yana su zo karɓa, wa zai ce nawa ne? Takarda ta ce ba ni da ko ɗaya, kai takarda ta ce ba ka da tunkiya, shi kuma tela takarda ta ba shi shida!"

Tun daga Tudun Wada nake lissafin allura, wannan ban lissafa shi ba. Kuma gaskiyarta ne. Abin da ya riƙe mata tumakin nan bakin mutane ne kawai, ni kuma na taro mutanen na sa an faɗi wani abu dabam a gabansu.

Ta juya wurin maiunguwa ta durƙusa. "Allah ya ba ka nasara, a faɗa a ji. Na wane ne?"

Maiunguwa ya gyara zama. Idon nasa ya warke nan take. Ya ce kowa ya san tumakin nata ne, tara, suna kiwo a hannun ƙanenta, shi ma yanzu yake shirin magana.

Malamin dabbobi ya rufe kular. Bai yi faɗa ba, ina jin dariya ma yake dannewa. Ya ja layi a kan sunan taubashi, ya ce huɗun da suka rage za su bi shi gari na gaba, can ma akwai masu jira. Yaya ta ce a ba ta su mana, ga tumakinta uku a tsaye. Ya ce, "Hajiya, jerin ya ce ba ki da ko ɗaya." Ta juyo ta dube ni, kamar ni na haifi jerin.

A gida sai da ta ci tuwo ta sha ruwa sannan ta yarda ta saurare ni. Na kawo gyaɗa bakwai na jera mata a kan tabarma, na yi mata yadda muka yi da Malama. Ta kalli ƙatuwar da ta rage, ta ce, "To shi wannan ɗan aiken, ba shi da uwa ne da za ta faɗa masa yadda ake kiwo?" Na ce a birni aka haife shi. Da za ta tafi washegari ta tsaya a turke ta daɗe. Ta ga jan fenti a goshin masu cikin nan huɗu, ta ga awakina ba ko ɗigo. Ta dai ce in raba masu fenti da marasa fenti, kada in kai su rafi tare da na mutane. Taubashi kuwa sati guda bai biyo ta ƙofar gidana ba, kuma har yau in ya wuce majalisa akwai mai tambayarsa lafiyar tumaki.

Na yi yadda ta ce. Na daina sakin su, ni da matata muka riƙa yankar musu ciyawa muna kawowa. Kwana goma sha biyu bayan allurar, akuyar maƙwabcina ta fara majina. Kwana uku a kai, tawa ta fara.

Ƙarin allurar ya iso cikin sati na huɗu. Na je Tudun Wada na ga sabon jerin a bango, layi takwas, na karanta kawunansu duka a bayyane, Malama tana leƙowa ta taga tana ce mini in yi a hankali kada in tsallake. Sunana yana da tara a ƙarƙashin na kiwo. Sai dai da malamin dabbobi ya dawo garinmu, uku kawai na kai masa.

A tumakin Yaya, shida masu fenti ba abin da ya same su. Cikin ukun da ba a yi wa ba, ƙaramin rago ya mutu, babban da tunkiya ɗaya suka tashi. A awakina huɗu, uku suka mutu, biyu mata da bunsuru ɗaya.